Kalmar da Ɗantani Ya Zo da Ita daga Lakwaja

Akwai masu tafiya neman duniya su dawo da jakuna, akwai masu dawowa da tufafi, akwai ma masu dawowa da ciwon baya kawai. Ɗantani na Bodinga shi da kalma ya dawo, guda ɗaya tak, kuma ta Turanci.

Lokacin Nasara ba su shigo ƙasar Sakkwato da yaƙi ba tukuna. A bakin fatake ake jin labarinsu, wai suna can Lakwaja bakin Kwara suna sayen hauren giwa da man kaɗe. Ɗantani ya bi wani ayari yana ɗan dako, ya ce wa matarsa Mairo kafin kaka ya dawo. Kaka ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, har Mairo ta daina duban hanya. Ranar da ya faɗo gida ba jaki, ba mangala, sai wata tsohuwar laima da ta rage ƙarafa zalla, wadda yake buɗewa duk sa'ad da zai yi magana mai muhimmanci. Da yake a wurinsa duk maganarsa mai muhimmanci ce, laimar nan ba ta san hutu ba.

Yana da gona da ya gada a gabas da gari, ita kaɗai ce abin da zai nuna ya ce nasa ne a Bodinga. A bayansa sabara da geza sun cinye ta, ga kuma wani kututturen kirya a tsakiya tun na zamanin kakansa. Gonar da aka yi watsi da ita kuwa mai unguwa na iya ba mai buƙata, kuma Na'Allah, maƙwabcinsa na gona, mai 'ya'ya maza cike da gida, ya daɗe yana lasar baki. Mai unguwa Attahiru, dattijo mai son gaskiya da son goro, ya tara su ya yanke magana.

"Ɗantani, gonagga taka ta. Amma in ruwan shuka yas sauka ba ka share ta ba, ta zama ta Na'Allah. Ka jiya?"

Ɗantani ya buɗe laima. "Ranka shi daɗe, wanga ai aikin hantsi guda na."

Wansa Arzika, manomin albasa a fadama, ya ja shi gefe ya ce zai kira masa gayya, maƙwabta su taru da gatura su share masa, shi dai ya tanadi fura da makaɗa. Ɗantani ya dube shi da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda bai taɓa wuce Jega ba.

"Yaya, gayya ta mutanen da ba su da kalma ta."

Da la'asar, a gindin durumin da ake zaman hira, ya warware musu. Ya ce a Lakwaja ya yi aiki wurin wani dogon Bature da ke share fili zai gina ɗakin ajiya. Baturen nan kan hau kan suri da farar hularsa, ya faɗi kalma guda, sai ka ga kututture ya yi tsalle ya fito da saiwoyinsa a sama. Abin da Ɗantani bai faɗa ba, don bai ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne akwai igiya a jikin kututturen, igiyar kuma cike take da ƙarti, har da shi kansa can wajen wutsiya, inda ake riƙewa ba a ja.

Ya ce ya matsa wa tafintan Baturen har ya buɗe masa sirrin kalmar. Ma'anarta a fitar da abu daga ƙasa tare da saiwarsa, yadda ba zai sake tohowa ba. Ko mutum aka raba da garinsu da danginsa, da ita ake faɗa, har tafintan ya ce shi ma an yi masa ita tun yana yaro. Babban abin kuma, tafinta ya rantse cewa ko cikin Turawa sai wane da wane suka taɓa jin ta.

Malam Nuhu, mai makarantar allo ta unguwar, ya shafa gemu. "To ai tumɓukewa ke nan, Ɗantani. Mu ma muna da ita. Muna da tuge, muna da tsige, muna da cire."

"Allah gafarta malam, tuge na gyaɗa na. Tsige na gashin kaza na. Cire na ƙaya na. Tumɓuke kuwa sai an gama wahala a ka hwaɗinta. Wagga ita ka yin aikin da kanta."

"Wa yag gaya maka haka?"

"Hankali, malam. In ba asiri ta ba, don mi su ka ɓoye ma junansu ita?"

Malam Nuhu ya gyara zama. Ya ce, "To hwaɗe ta mu ji."

"Nan? Ƙarƙashin durumin ga? Kuna son shi hwaɗo muku bisa kai?"

Aka yi dariya. Amma ana cikin dariyar mutum biyu suka ja buzunsu suka koma rana.

Washegari da hantsi rabin unguwa ta bi shi gona. Ya zaɓi wata 'yar sabara da ba ta kai gwiwa ba, ya sa kowa ya ja da baya, ya buɗe laima, ya cika ƙirji da iska.

"Dirasinait!"

Wata kurciya ta tashi. Sabara ko gezau.

Wata tsohuwa mai tsintar itace ta kama kunne. "Darasin wa?" Domin a bakin Sakkwatawa, in an ce darasinai, darasinsa ake nufi.

"Ba darasinai ba, inna! Dirasinait! Da ɗan *it* ga wutsiya. Nan ƙarhin yake."

Ya sake faɗa, ya ja wutsiyar da kyau. Ya faɗa da ƙarfi, ya faɗa a hankali, ya durƙusa ya raɗa wa sabara a gindi. Da rana ta take, mutane suka fara zamewa, sai ya buga goshi ya ce ya tuna: Bature bai taɓa faɗinta ba hula ba, kuma akwai 'yar igiya da ake ɗaurawa don kalmar ta san hanya.

Da ya koma gida ya ɗauki babbar ƙwaryar Mairo, ya shafe bayanta da farar ƙasa, ya kifa a ka.

Mairo ta tsaya da muciya a hannu. "Maigida, ƙwaryata ta hura?"

"Ke mi kinka sani ga sha'anin Nasara?"

"Ban san komi ba. Gatari ɗai nis sani. Ga shi can ƙarƙashin rumbu shina tsatsa."

Ya koma gona da hula da igiya. Ya ɗaure sabara, ya ja da baya, ya ƙwala kalma, ya fizga. Igiya ta zame ta taho da ganye uku, shi kuma ya tafi da baya ya zauna daram a cikin ƙarangiya. Har magariba Mairo na fama da ƙarangiya a bayan wandonsa, yana kwance rub da ciki yana cizon tabarma.

Ta ce, "Wanga aikin da ni ka yi, cire a ka ce mai ko tsige? Don kar in yi kuskure."

Mutum ɗaya ne a Bodinga bai yi masa dariya ba, shi ne Na'Allah. Ya zo har gida dubiya, da goro. Ya ce shi da idonsa ya ga sabarar nan ta motsa, kuma duk mai cewa iska ce hassada ke cinsa.

"Abu guda ni ka roƙonka, Ɗantani. Kak ka taɓa gatari. Ranad da kat taɓa gatari, ka zubar da girman kalma, ba ta ƙara jin maganakka."

Ɗantani ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ce wa Mairo a duk garin nan Na'Allah kaɗai ke da ƙwaƙwalwa. Mairo ta ce wannan kam ita ma ta yarda.

Sai ya zauna ya yi nazari, ya gano inda matsalar take: kalmar ta sha doguwar tafiya daga Lakwaja, ta gaji, dole a fara mata da abu mai sauƙi. Yana wannan tunani ƙafarsa ta kai shi fadama, wurin albasar Arzika. An gama ban ruwa ke nan, ƙasa ta yi laushi, albasa ta yi kore shar, kanta bai wuce ƙwan zabo ba, da sauranta kafin ta nuna. Ya duƙa ya kama ganye ɗaya, ya faɗi kalma, ya ja.

Ta fito. Da saiwarta, da komai.

Ɗantani ya yi kabbara. Ya kama ta biyu, ta fito. Ta uku ma haka. Ya ajiye laima ya shiga da hannu biyu, yana ihu yana jifa ta bayansa, ya gama fangali ya tsallaka na gaba. Kafin Arzika ya dawo daga gyaran jigon ban ruwa, rabin albasarsa na kwance a rana tana yaushi, ƙanensa na tsaye a tsakiya da ƙwarya a ka, yana haki yana murmushi.

"Yaya, ta tashi! Kalma ta tashi!"

Arzika ya bi albasarsa da kallo. Muryarsa ta fito 'yar siririya. "Albasa? Albasa cikin ɗanyar ƙasa? Ko ɗan akuya ai shina tuge ta!"

"Amma ba da Turanci ba."

Arzika ya ɗauki fartanya ya auna kan ƙanensa. A nan ne hular ta yi amfaninta na farko, wanda kuma shi ne na ƙarshe. Ɗantani ya sheƙa da gudu, Arzika na binsa da murya: "Gayya kuwa, ka kira Nasara su yi maka!"

Kafin magariba Na'Allah ya kai labarin kowane zaure. A bakinsa ba a ambaci albasa ba, cewa ya yi Ɗantani ya share rabin fadama kafin a sha ruwa a ajiye moɗa.

Ana nan sai haƙori ya tasar wa mai unguwa Attahiru, kunci ya kumbura, ko kunu sai da dabara. Dattijon nan ya je yaƙi a ƙuruciyarsa, amma in ya ga awartakin wanzami sai jikinsa ya ɗauki rawa. Na'Allah ya je gaisuwa, ya durƙusa, ya ce ranka shi daɗe, ga mai fitar da abu da saiwarsa a unguwarka, ba ƙarfe ba jini, me za a yi da wanzami? Ciwo kan sa mutum ya yarda da abin da lafiya ba za ta yarda da shi ba. Aka kira Ɗantani.

Turame biyu suka rage wa mai unguwa a wannan gefe, suna maƙwabtaka. Ɗaya shi ne mai ciwon. Ɗayan kuwa lafiyayye ne garau, da shi yake cin goro, yana ji da shi kamar ɗan fari. Ɗantani ya zo da tsirkiyar baka, ya sa dattijo ya hangame. Mai unguwa ya ɗaga yatsa zai nuna masa wanda ke ciwon, Ɗantani ya mayar masa da hannu.

"Ranka shi daɗe, ba sai an gwada mata ba. Ita ka gane marar lahiya da kanta."

Ya zura hannu ya ɗaure wanda ya fi sauƙin ɗaurewa. Ya gyara ƙwarya, ya taka dokin ƙofa, ya ƙwala kalma, ya fizga da iyakar ƙarfinsa. Ƙarar da mai unguwa ya yi, an ce har masu jan ruwa a rijiyar bayan gari sun saki guga.

Haƙori na reto a bakin tsirkiya, fari tas, ba ko ɗigon baƙi. Malam Nuhu ya karɓa ya juya shi a tafin hannu.

"Saiwa kam ta hito duka," in ji shi. "Wanga ba shi ƙara tohowa."

Abin takaicin shi ne, kwana kaɗan kafin wannan mai unguwa ya gaya wa Malam Nuhu cewa yana tausayin yaron nan, in ruwan fari ya sauka zai kau da kai har na biyu. Yanzu ya cire tsumma daga baki, ya nuna Ɗantani da yatsa.

"Ruwan hwari. Ko ɗigo guda na. Ko tsuntsu yay yi hitsari bisa gonagga, ta zama ta Na'Allah."

Daga nan aka kira wanzami ya cire na biyun.

Shamuwa suka iso suka sauka a kan kukar bakin kasuwa, kowa ya san damina ta ƙwanƙwasa ƙofa. Gabas ta fara haɗa gira da yamma. Mairo ta wasa gatari da kanta ta jingine shi a bakin ɗaki, inda sai ya tsallake shi zai fita, ya kuwa riƙa tsallakewa. Ta je ta durƙusa wa Arzika, ta yi kuka na gaske, don ta san in gonar nan ta tafi ba su da wurin zama a Bodinga. Arzika ya sauko, ya ce ba don halin ƙanensa ba, don kabarin ubansu: in Ɗantani ya zo gobe da safe ya ce a yi haƙuri, za a yi gayya jibi.

Da asuba Na'Allah ya riga kowa sallama. Ya ce labari ya kai Shagari, kuma mutanen Shagari sun ce ƙarya Bodinga ke yi. Wai akwai wani kututture a tsakiyar kasuwarsu da ya gagari kakanninsu, in Ɗantani ya isa ya zo gobe ranar kasuwa.

"Ni ban so in gaya maka ba," in ji Na'Allah. "Amma sunan garinmu a ka ja ƙasa."

Mairo ta fito daga ɗaki. "Maigida, Yaya na jiranka. Dubi gabas."

"Gona ba ta gudu. In nig gama da na Shagari, in dawo in yi ma tawa tsawa guda."

"To ni ma za ni. Mutanenmu na Horo Birni na cin kasuwag ga. Gara in kasance kusa, a samu mai kwaso abin da yar rage."

Na'Allah ya raka su har bayan gari, sannan ya tuna yana da wani ɗan uzuri. Uzurin kuwa na maƙera ne da masu dakan fura.

Sun kwana a hanya, suka shiga Shagari kasuwa na cika. Ba wanda ya taɓa jin labarin wani ƙalubale, amma da mutum ya bayyana da farar ƙwarya a ka da laima ba rufi, yana shelar zai fitar da kututturen kasuwa da magana, ai ba a buƙatar gayyata. Masu nono suka matso, masu tukwane suka miƙe tsaye, mahauta suka bar nama ga ƙuda. 'Yan'uwan Mairo na Horo Birni suna sahun gaba, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kututturen gajere ne, mai kauri, shekara da shekaru shanu na soshe-soshe a jikinsa har ya yi santsi yana ƙyalli. Ɗantani ya zaga shi yana gyaɗa kai. Ya ce wannan babba ne, sai igiya ta miƙe sosai kalmar za ta ji daɗin bi. Ya hango wani Buzu mai sayar da gishiri, raƙuminsa na gurfane yana tuƙa, ya roƙi aronsa. Buzu ya ce ba komai, amma raƙumin nan ba ya son hayaniya. Ɗantani ya ce ba hayaniya ba ce, Turanci ne.

Ya yi zarge ya zura wa kututture. Ya ɗaure ɗaya bakin a sirdin raƙumi. Igiya ta yi saura a tsakiya, sai dabara ta zo masa: ya naɗe ta a ƙugunsa ya ƙulle, don kalmar ta fito daga cikinsa kai tsaye ta shiga igiya ba tare da ta zube a hanya ba.

Wani dattijo ya ce, "Yaro, kwance wagga igiya ga ƙugunka."

"Baba, ka taɓa zuwa Lakwaja?"

"A'a."

"To ja da baya."

Ya gyara tsayuwa a cikin takalmansa na fata. Ya buɗe laima. Kasuwa ta yi tsit. Ya juya wajen raƙumi, ya tattaro duk iskar da ke ƙasar Shagari, ya saka masa a kunne.

"Dirasinai..."

Bai kai ga wutsiyar ba. Raƙumi ya yi wata irin ƙara ya miƙe zumbur. Da ya miƙe igiya ta yi sama, zarge ya zame daga kan kututture sumul kamar an cire wa yaro hula, sai ya zamana abin da ya rage a jikin igiya Ɗantani ne kaɗai. Aka ga mutum ya tashi sama. Takalmansa suka tsaya a inda suke, a jere, gefen kututture.

Raƙumi ya ratsa ta cikin masu nono, Ɗantani ya bi ta cikin ƙoren, ya fito fari fat, karon farko da ya yi kama da Bature. Suka faɗa layin tukwane, aka ji kamar ana ɓarin duwatsu. Ya kai hannu ya rungumi ginshiƙin rumfar mahauta don ya tsaya, ginshiƙi ya ce mu je, rumfa ta kwanta a kan nama da masu nama. Wannan dai ya fito da gindinsa, kuma na tabbata da Ɗantani na da sarari da ya nuna wa jama'a. Jakuna suka tsinke, kaji suka watse, wata mai daddawa ta bi su da zagi har ƙofar gari, Buzu na biye yana kiran raƙuminsa da sunaye masu daɗi.

A wani busasshen tafki bayan gari igiya ta tsinke. Ɗantani ya kwanta rigingine, ba riga, ba laima, ƙwarya ta rage ɗan gammo a wuyansa. Yana kallon sama yana ƙoƙarin tuna sunansa, sai wani abu mai sanyi ya faɗo masa a tsakiyar goshi. Ya shafa. Wani ya sake faɗowa. Ya juya kai wajen Bodinga, ya ga sama ta yi baƙi ƙirin har ƙasa, ana walƙiya a ciki. Duk ciwon da ke jikinsa bai kai wannan ɗigon zafi ba.

A kasuwa kuwa mutane na kwashe kaya a guje, wata tsohuwa mai nono tana tattara fasassun ƙorenta ta tambayi dattijon nan, "Wai mi yac ce kahin shi tashi?"

"Darasinai, nij ji yac ce."

"Ai ko ya same shi."

'Yan'uwan Mairo ne suka tsamo shi daga tafki, su ne kuma suka tsaya suka ba masu nono da masu tukwane da mahauta haƙuri, da sharaɗin zai zo Horo Birni ya yi musu noma. Da ya iya taka ƙasa suka koma Bodinga kwasar kaya. Shari'ar gona ba ta ɗauki lokaci ba. Mai unguwa, wanda yanzu sai an daka masa goro a turmi, ya nuna jiƙaƙƙiyar ƙasa da sanda, ya nuna Na'Allah, ya koma cikin gida. Arzika bai fito ba. Zaman gidan surukai abin kunya ne ga namiji, Ɗantani ya sani, amma ba shi da wani wurin.

Hanyar fita gari ta bi ta gefen gonar. Tun daga nesa suka ji ganga. Na'Allah ya kira gayya, sabara da geza duk an kwantar an tara, 'ya'yansa na bin baya da shuka. An haƙe gindin kututturen kirya, an sassare saiwoyin da gatari, an ɗaura masa igiya mai kauri, ƙartin unguwa sun jeru a kanta. Da suka hango Ɗantani da tabarma a ka, wani shaƙiyyi ya ɗaga murya, "Darasinai!" Sauran suka amsa da dariya, suka ja. Mai ganga ya kama. "Darasinai!" Suka ja. A jan da ya biyo baya ƙasa ta yi ƙara, kututture ya yi tsalle ya kwanta, saiwoyinsa a sama.

Ɗantani ya yar da tabarma. Idonsa ya kawo haske.

"Kin gani? Kin gani, Mairo? Wallahi haka Bature ka yi! Haka ɗin ga, ba ragi!"

"Da mutanen ga duka ga igiya?"

Ya dubi igiyar. "Awo. Amma su ja ɗai su ka yi."

Mairo ta dube shi, ta dubi ramin da kututturen kakansa ya bari, wanda 'ya'yan Na'Allah har sun fara turawa ƙasa. Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi, don a gonar nan aka kawo mata ɗanyen gero na farko shekarar da aka kawo ta garin.

"Ba kai kac ce ko mutum anka raba da garinsu da ita a ka hwaɗi ba?"

"Haka tahinta yac ce."

"To ta yi aiki, maigida. Da saiwa, da komi. Ɗauki tabarma mu tahi, rana na yi."

Ya duƙa ya ɗauka. Har suka sha kwanar kukar bakin hanya ana jiyo gangar, shi kuwa bai sake buɗe baki ba sai da suka wuce gonakin Bodinga.